Yadda Ake Daidaita Kalsiyam da Alkaliniti a Tankin Kiwon Murjani

Duk wanda ya taɓa ratsa tsohuwar unguwar Al-Balad a birnin Jidda, ko ya ga kangayen Sawakin a gaɓar Bahar Maliya ta ƙasar Sudan, inda alhazan Yammacin Afirka suka daɗe suna hawa jirgin ruwa zuwa Hijaz, ya ga gidaje da aka gina da dutsen murjani. Dutsen nan ƙashi ne na wasu ƙananan dabbobin teku, waɗanda suka yi ta tsotsar kayan gini daga ruwa suna ɗora shi kaɗan-kaɗan, har ya kai girman da magina za su sassaƙe shi su tayar da bene. A cikin teku kayan ginin ba ya yankewa, domin igiyar ruwa tana kawo sabo a kowane lokaci. A tankin gilashi mai cin lita ɗari biyu ko uku kuwa, abin da ke cikin ruwan shi ke nan, kuma idan murjanin yana girma da kyau, kwanaki kaɗan sun isa ya cinye babban kaso na ɗaya daga cikin kayan. Aikin mai tanki shi ne ya mayar da abin da aka ci, daidai gwargwadon yadda aka ci shi, ba tare da ya girgiza ruwan ba.

Kayan ginin iri biyu ne. Na farko shi ne kalsiyam, wanda kowa ya san sunansa ta dalilin ƙashi da haƙori. Na biyu shi ne alkaliniti, kuma shi ne wanda ya fi rikita sababbin masu kiwo, saboda ba sunan wani sinadari guda ba ne. Awo ne na ƙarfin da ruwa yake da shi wajen shanye tsami kafin shi kansa ya yi tsami. Matar da ta jefa 'yar kanwa a miyar yakuwa don ta kashe tsaminta ta san wannan aiki a aikace, kuma abin da ke yin aikin a cikin kanwa, wato kabonet da baikabonet, su ne dai ke ɗauke da mafi yawan alkalinitin ruwan teku. Murjani yana haɗa kalsiyam da kabonet ya fitar da farin dutse mai suna kalsiyam kabonet, a siffar da ake kira aragonait, ya shimfiɗa shi a ƙarƙashin tsokarsa. Ba shi kaɗai ke cin wannan kaya ba. Gansakukar nan mai tauri, mai launin shunayya da ruwan hoda, wadda ke lulluɓe duwatsu da gilashi, tana ci sosai, haka ma manyan kawa irin na Tridacna, da katantanwa, da ganyen Halimeda.

Lambobin da ake nema

Ruwan teku mai gishiri kashi 35 cikin 1000 yana ɗauke da kalsiyam kimanin ppm 420, da magnesiyam kusan ppm 1,290, da alkaliniti wajen dKH 7. Ana iya ɗaukar ppm a matsayin miligiram a kowace lita. Shi kuwa dKH ma'auni ne na alkaliniti da aka gada daga Jamusawa, kuma dKH 2.8 daidai yake da meq/L 1, wanda shi ma wani awon alkaliniti ne, ko ppm 50 a kayan gwajin da ke lissafi da nauyin kalsiyam kabonet. Ya kamata mutum ya duba wane ma'auni ne kayan gwajinsa ke bayarwa kafin ya kwatanta lambarsa da ta wani, domin 3 a meq/L lamba ce mai kyau, amma 3 a dKH halaka ce.

A cikin tanki, kalsiyam daga 380 zuwa 450 ya wadatar, magnesiyam daga 1,250 zuwa 1,350, alkaliniti kuma daga dKH 7 zuwa 11. Wannan fili na alkaliniti yana da faɗi, amma ba a nufin ruwan ya riƙa yawo a cikinsa. Ana zaɓen wuri guda ne a tsaya. A ganina dKH 8 wuri ne mai aminci ga yawancin tankuna, domin idan aka yi kuskure ya sauka da dKH ɗaya ba a faɗa cikin haɗari ba, idan ya hau da dKH ɗaya ma haka. Masu kiwon murjani mai rassa irin su Acropora a ruwan da nitiret da fosfet, wato sinadaran da ke taruwa daga ragowar abinci da kashin kifi, suka yi ƙasa ƙwarai sun daɗe da lura cewa alkaliniti mai yawa yana sa kan rassan ya yi fari kamar an ƙona shi, don haka suka fi tsayawa tsakanin 7 da 8. Wata dabara mai sauƙi ita ce mutum ya auna alkalinitin sabon ruwan da yake haɗawa da gishirin tanki, ya zaɓi lambar da ke kusa da shi, ta yadda duk ranar canjin ruwa ba za ta zama ranar girgiza ba.

Abin da ya sa alkaliniti ne linzami

A nan ne gaba ɗaya al'amarin ya rataya, kuma wanda ya fahimci wannan lissafi guda ya huta da yawan ruɗani. Murjani ba ya cin kalsiyam yau ya ci kabonet gobe. Yana ɗaukar su tare ne, a kan rabon da ba ya sauyawa sai ɗan kaɗan: duk lokacin da aka ci dKH 2.8 na alkaliniti, an ci kalsiyam kimanin ppm 20. Wato kowane dKH ɗaya yana tafiya da kalsiyam kusan ppm 7. A aikace lambar takan ɗan gaza haka, ta tsaya tsakanin 18 da 20, saboda magnesiyam da sitironshiyam suna shiga gurbin wani ɓangare na kalsiyam a cikin ƙashin.

Sai a dubi girman rumbunan biyu. Rumbun kalsiyam babba ne, na alkaliniti kuwa ɗan ƙarami. Idan tanki ya fara da dKH 8 da kalsiyam 420, murjani ya ci har alkaliniti ya sauka zuwa 5.2, an rasa fiye da kashi ɗaya cikin uku na alkalinitin, kuma dabbobin sun fara wahala. A daidai wannan lokaci kalsiyam ya sauka ne daga 420 zuwa 400 kawai, ragin da bai kai kashi 5 cikin 100 ba, wanda kuma kayan gwajin gida za su iya kasa bambance shi da kuskuren awo. Ko da za a ce an cinye alkalinitin ruwan teku kaf, kalsiyam ɗin da zai bi shi bai wuce ppm 50 ba. Saboda haka mutumin da ya zuba ido ga kalsiyam yana jiran ya ga alamar matsala, kamar mai gadin da ya tsaya a ƙofar rumbu ne alhali ɓera yana cikin ɗan kwanon da ake ci yau.

Ma'anar wannan a aikace ita ce, alkaliniti ake aunawa akai-akai, kuma da shi ake yanke adadin abin da za a zuba na ɓangarorin biyu. Kalsiyam ana duba shi jefi-jefi, sau ɗaya a mako ko a mako biyu, don a tabbatar bai zame ba. Idan aka ga kamar alkaliniti kaɗai ke raguwa, kalsiyam yana tsaye, galibi ba haka ba ne, idon gwajin ne bai kai ga ganin motsinsa ba.

Kafin a zuba komai

Abu na farko da za a tabbatar shi ne gishirin ruwan, domin dukkan lambobin nan uku suna hawa da sauka tare da shi. Ruwan da ya kamata ya kasance a 35 amma yana 32 zai nuna kalsiyam kusan 385 da magnesiyam kusan 1,180, kuma mai tanki zai yi ta sayen kwalabe yana gyaran abin da ba shi ne ya lalace ba. A daidaita na'urar auna gishiri da ruwan gwaji mai ƙarfin 35, ba da ruwan sha kaɗai ba, sannan a gyara gishirin a hankali cikin kwanaki. Sau da yawa wannan kaɗai yana dawo da kalsiyam da magnesiyam mazauninsu.

Abu na biyu shi ne magnesiyam. Ruwan teku yana ɗauke da kalsiyam da kabonet fiye da yadda ya kamata su iya zama a narke, har ninki uku zuwa huɗu idan aka kwatanta da aragonait, kuma abin da ke hana su daskarewa nan take shi ne magnesiyam, wanda ke manne wa duk wani ɗan ƙwayar dutse da ya fara tsiro ya toshe fuskarsa. Idan magnesiyam ya yi ƙasa, mutum zai yi ta zuba kalsiyam da alkaliniti yana ganin suna ɓacewa, ba don murjani ya ci ba, sai don sun koma dutse a jikin famfo da yashi. Ɗaga shi yana cin kaya da yawa: don ƙara ppm 10 a lita 100 ana bukatar kimanin giram 8.4 na magnesiyam kulorayid mai ruwa, ko giram 10 na gishirin Epsom, wato magnesiyam salfet. Ya fi kyau a haɗa su biyun, kulorayid ya fi yawa, saboda gishirin Epsom shi kaɗai yana tara salfet a ruwa. Kada a ɗaga fiye da ppm 100 a rana guda.

Abu na uku shi ne amincin gwajin kansa. Yawancin kayan gwajin alkaliniti, irin na Salifert da Red Sea, suna aiki ne ta hanyar ɗiga ruwan tsami da sirinji a cikin ɗan kofin ruwan tanki har launinsa ya juya. A wanke kofin da ruwan tankin kafin a ɗiba, a cika shi daidai layi, a riƙa juya shi bayan kowane ɗigo, kuma a tsaya a kan launi guda a kowane gwaji, a ƙarƙashin haske iri ɗaya. Na'urar Hanna tana ba da lamba a fuskarta, amma ita ma tana bukatar kwalba mai tsabta wadda ba shatin yatsa a jikinta, da maganin gwaji wanda bai tsufa ba. Duk lambar da ta zo da ban mamaki a sake gwada ta kafin a ɗauki mataki, domin gyaran kuskuren da babu shi yana haifar da kuskure na gaske.

Yadda ake gane abin da tanki ke ci

Babu wani adadi da aka rubuta a jikin kwalba da zai san tankin mutum. Hanyar sani ita ce a auna. A kawo alkaliniti zuwa lambar da aka zaɓa, a auna shi a wani ƙayyadadden lokaci, a daina zuba komai, sannan a sake aunawa a daidai wannan lokaci bayan kwana ɗaya ko biyu. Kiyaye lokacin yana da muhimmanci, saboda murjani ya fi gina ƙashi idan fitila tana kunne, don haka awon safe da na yamma ba za su zo ɗaya ba. Idan lambar ta kusanci 6.5 a katse gwajin a koma zubawa.

A ɗauki misalin tanki mai lita 300, wanda idan aka cire gurbin duwatsu da yashi ruwan da ke cikinsa bai wuce lita 250 ba. Da wannan lita 250 ake lissafi, ba da girman gilashin ba. A ce ranar Litinin bayan sallar isha'i an sami dKH 8.2, ranar Laraba a daidai wannan lokaci an sami 7.0. An ci 1.2 a kwana biyu, wato 0.6 a rana, kuma ba sai an auna ba an san kalsiyam yana raguwa da kimanin ppm 4 a rana. Wannan 0.6 shi ne abincin yau da kullum da za a riƙa mayarwa. Komawa daga 7.0 zuwa 8.2 kuwa gyara ne na daban da za a yi sau ɗaya, a raba shi cikin kwana biyu ko uku, domin ƙa'idar da masu kiwo suka amince da ita ita ce kada alkaliniti ya hau da fiye da dKH 1 a rana.

Lissafin gyara ba shi da wuya. Giram 3 na bekin soda, wato sodiyam baikabonet, yana ɗaga lita 100 da dKH 1. Idan sodiyam kabonet ne, giram 1.9 ya isa. Ga kalsiyam, giram 3.7 na kalsiyam kulorayid mai ruwa, ko giram 2.8 na busasshensa, yana ɗaga lita 100 da ppm 10. Kowanne a narkar da shi a ruwa tatacce, wato wanda na'urar tacewa ta RO/DI ta cire wa gishirori da sinadarai, kafin a zuba, kuma a sayi ɗan sikeli mai auna giram, saboda cokali ba ya faɗin gaskiya a kan gari.

Hanyoyin mayar da abin da aka ci

Tankin da ke da murjani mai laushi kaɗai, ko 'yan ƙananan rassa biyu ko uku, canjin ruwa na kashi 10 cikin 100 a kowane mako yana iya riƙe shi. Da zarar gwaji ya nuna alkaliniti yana sauka tsakanin canji da canji fiye da rabin dKH, lokacin ƙari ya yi.

Hanya mafi tsufa ita ce ruwan kalkwasa, kalmar Jamusanci da ke nufin ruwan farar ƙasar gini, wadda Peter Wilkens ya yaɗa a tsakanin masu kiwo tun shekarun 1970. Garin kalsiyam haidiroksaid ne ake kaɗawa a ruwa tatacce, kimanin giram ɗaya da rabi a lita, a rufe shi ya kwanta, sannan a yi amfani da garau ɗin da ke sama wajen cike gurbin ruwan da ya ƙafe. Kyawunsa shi ne yana kawo kalsiyam da alkaliniti a daidai rabon da murjani ke ci, ba ya ƙara gishiri, kuma yana ɗaga pH, wato awon da ke sauka idan ruwa ya ƙara tsami, abin da ke da amfani a ɗakin da ake rufe tagogi saboda na'urar sanyaya ɗaki har iskar numfashi ta taru ta sa ruwa ya ɗan yi tsami. Iyakarsa kuma ita ce ba ya narkewa sosai. Lita ɗaya ta cikakken ruwan kalkwasa tana ɗauke da kalsiyam kusan miligiram 800 da alkaliniti kimanin meq 40, don haka tankin da ke ƙafewa da kashi 1 cikin 100 a rana zai sami kusan dKH 1.1 ne kawai ta wannan hanya. Dole a ɗiga shi a hankali, saboda pH ɗinsa ya haura 12, kuma a kiyaye ido da fata daga garin. Akwai wani tarko da ya shafi mai tanki a ƙasashenmu: idan aka haɗa kalkwasa da na'urar cike ruwa mai aiki da kanta, adadin da ke shiga yana bin yanayi ne, ba bukatar murjani ba. A hunturu, da busasshiyar iska, ruwa yana ƙafewa da sauri sai kalkwasa ya yi yawa, a damina kuma ya yi kaɗan. Maganin wannan shi ne a ba kalkwasa nasa famfon ɗiga mai ƙayyadadden adadi, a bar na'urar cike ruwa da ruwa tatacce zalla.

Hanya ta biyu, wadda nake ganin ta fi dacewa da mafi yawan mutane, ita ce ta kwalba biyu: ɗaya kalsiyam kulorayid, ɗaya kuma sodiyam baikabonet ko kabonet, waɗanda aka haɗa ƙarfinsu ta yadda idan aka zuba adadi ɗaya daga kowacce, rabon ya fito daidai. Hans-Werner Balling ya bayyana tushen wannan tsari a mujallar DATZ ta Jamus a 1994, tare da kwalba ta uku mai ɗauke da sauran gishirorin teku ban da gishirin ci. A Amurka kuma masanin kimiyyar sinadarai Randy Holmes-Farley ya wallafa haɗin gida da ya karɓu ƙwarai. Ana narkar da giram 500 na kalsiyam kulorayid mai ruwa a cika shi da ruwa tatacce zuwa lita 3.8. Sannan a shimfiɗa giram 594 na bekin soda a faranti, a gasa shi a oben mai zafin digiri 150 na tsawon awa ɗaya, wanda ke korar ruwa da iskar kabon daga jikinsa ya mayar da shi sodiyam kabonet mai nauyin kusan giram 375, a narkar da shi shi ma zuwa lita 3.8 a wata jarka daban. Ƙarfin wannan haɗi ya kai kimanin dKH 5,300, wato mililita 19 na ɗaga lita 100 da dKH 1. Tankinmu na misali, mai lita 250 da ke cin 0.6 a rana, zai bukaci mililita 28 daga kowace jarka a kowace rana. Wanda pH ɗin tankinsa yake sama tun asali sai ya bar sodar ba gashi, ya yi amfani da rabin nauyin kayan biyu a lita 3.8 ɗin, ya ninka abin da yake zubawa.

A nan akwai kuskure biyu na kicin da ya wajaba a guje musu. Bekin hoda ba bekin soda ba ce, domin an gauraya ta da garin tsami da sitaci, kuma sau da yawa da fosfet, wanda shi ne abin da mai tanki ke yaƙi da shi. Kanwa kuma, duk da cewa ainihin abin da ke cikinta shi ne sodiyam kabonet da baikabonet, ana haƙo ta ne da ƙasarta da yashinta da wasu gishirori da ba wanda ya auna, kuma ƙarfin wannan dunƙule ba ɗaya yake da na wancan ba. Tana da kyau a tukunya, amma ba ta da gurbi a tankin murjani.

Ba a taɓa haɗa kwalaben biyu a mazubi ɗaya, kuma ba a zuba su a wuri ɗaya a lokaci ɗaya. Na koyi wannan da idona a farkon kiwona, ranar da gaggawa ta sa na tuttula su ɗaya bayan ɗaya a kusurwar da ruwa ba ya gudu. Cikin 'yan daƙiƙu wurin ya yi fari kamar an zuba nono, farin ya bazu ya rufe duwatsu, da safe kuma na tarar da wani gari mai laushi ya kwanta a kan yashi da gilashi, alkaliniti ya faɗi ƙasa da inda yake kafin in zuba. Abin da ya dace shi ne a zuba ɗaya a gaban famfo inda ruwa ke da ƙarfi, a jira kamar minti goma zuwa rabin awa, sannan a zuba ɗayan. Ɗan farin hayaƙin da ke bayyana a bakin sirinji idan an zuba kabonet, ya kuma ɓace nan da nan, ba abin damuwa ba ne, magnesiyam ne ya ɗan daskare ya sake narkewa. Rarraba adadin rana zuwa kashi-kashi ya fi zuba shi gaba ɗaya, kuma wannan ne amfanin famfon ɗiga. Sai dai a tuna cewa sodiyam da kulorayid da suka rage bayan murjani ya ɗauki nasa suna zama gishiri, don haka gishirin tankin zai riƙa hawa sannu a hankali, sai a riƙa ɗebe ɗan ruwan tanki ana maye gurbinsa da tatacce.

Hanya ta uku ta manyan tankuna ce masu cike da murjani mai rassa. Wani bututu ne da ake cikawa da ɓarɓashin dutsen murjani, a riƙa busa masa iskar kabon daga tukunyar gas har pH na ciki ya sauka zuwa wajen 6.5, dutsen ya narke, ruwansa ya riƙa ɗiga cikin tanki ɗauke da kayan biyu a rabonsu na asali. Yana da tsada a farko, yana kuma ɗan saukar da pH na tanki, shi ya sa wasu ke haɗa shi da kalkwasa.

Idan lambobin sun rabu

Ko da an bi komai daidai, wata rana za a auna a ga ɗaya ya zame. Idan dukkansu biyu sun yi ƙasa, adadin yau da kullum ne ya yi kaɗan saboda murjani ya girma, sai a ƙara kwalaben biyu tare da kashi 10 cikin 100, a jira kwana uku a sake aunawa. Idan alkaliniti yana daidai amma kalsiyam ya sauka zuwa 350, ba a gyara wannan da kalkwasa ko da kwalba biyu, domin ɗaga kalsiyam da ppm 70 ta wannan hanya zai jawo ƙarin kusan dKH 10, ruwan kuma ya zubar da su duka a matsayin dutse. Kalsiyam kulorayid kaɗai ake zubawa, ppm 20 zuwa 30 a rana, ana ci gaba da adadin yau da kullum yadda yake. Idan kuma kalsiyam ya haura 480 alhali alkaliniti yana ƙasa, sai a dakatar da kwalbar kalsiyam a ci gaba da ta alkaliniti, a yi haƙuri, domin saukar kalsiyam da ppm 50 na iya ɗaukar mako biyu. Kalsiyam mai ɗan yawa ba ya cutar da komai, kuma bai cancanci a tayar da hankalin tanki saboda shi ba. Idan duka biyu sun yi sama, a daina zubawa, murjani zai sauko da su da kansa.

Akwai abubuwan da ke karkatar da rabon ba tare da laifin mai tanki ba. Hawan nitiret yana cin alkaliniti: ƙarin ppm 50 na nitiret yana tafiya da kimanin dKH 2.3, idan halittun cikin tanki suka cinye nitiret ɗin kuma alkalinitin ya dawo. Gishirin haɗa ruwa wanda kalsiyam ɗinsa ya fi na tanki yawa yana tura lambar sama a kowane canji. Ruwan rijiya ko na burtsatse da ya ratsa dutse mai farar ƙasa yana zuwa da nasa alkalinitin, wanda kowa ke ganin shaidarsa a farin ɓawon da ke taruwa a gindin butar shayi, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa ba a cike tanki sai da ruwan da aka tace da na'urar RO/DI.

Irin wannan farin ɓawo shi ne alamar da za a riƙa nema a cikin tankin ma. Kalsiyam kabonet ya fi saurin daskarewa a wuri mai ɗumi, don haka yakan fara bayyana a jikin na'urar ɗumama ruwa da kan sandar da ke juya farfelar famfo. Idan famfo ya fara ƙara ko yana ƙin tashi bayan an kashe shi, ko yashi ya dunƙule ya yi tauri, ko kuma adadin da ake zubawa yana ta hawa alhali murjani bai ƙara girma ba, to kayan suna komawa dutse ne a banza. A nan ƙara zubawa ƙara wutar matsalar ne. A dakata kwana ɗaya ko biyu, a duba magnesiyam, a koma bekin soda marar gashi na ɗan lokaci don pH ya sauka, a rage lambar da ake nema zuwa dKH 7, sannan a jiƙa famfon a ruwan khal na wasu awanni a goge shi.

Kishiyar wannan ita ma tana faruwa, kuma ta fi haɗari. Murjanin da ya sha wahala, ko ta zafin bazara da ya tura ruwa sama da digiri 29, ko ta ɗaukewar wutar lantarki ta tsawon yini da ta kashe fitila da famfo, yakan daina gina ƙashi na wasu kwanaki. Famfon ɗiga bai san haka ba, zai ci gaba da zuba mililita 28 ɗinsa, alkaliniti ya yi ta hawa a kan dabbar da tuni ta raunana. Saboda haka bayan duk wata tangarɗa a auna alkaliniti kowace rana har mako guda, a rage adadin gwargwadon abin da awon ya nuna, kuma kada a rama zubin da aka rasa lokacin da babu wuta ta hanyar ninka na gobe. A duba agogon famfon ɗiga bayan wutar ta dawo, domin wasu suna mantawa da saitinsu, a kuma rubuta ranar da lambar da adadin da aka zuba a littafin da ke ajiye kusa da tanki, ta yadda idan cin murjanin ya fara komawa 0.6 ɗinsa na da, za a gani a rubuce kafin a mayar da famfon kan adadinsa na farko.